Dokar da Ba Ta da Ɗan Sanda

Kusan kullum sai bakina ya furta kalmomin nan: "dokar ƙasa da ƙasa". Aikina gabatar da shiri ne a gidan rediyo, kuma da wuya a karanta labaran duniya har a gama ba a ce wata ƙasa ta keta wannan doka ba, ko an yi kira ga wata da ta mutunta ta. Na yi shekaru ina faɗin haka da murya irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Gaskiyar magana kuwa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko mece ce ita ba, sai da gardamarta ta shigo har tsakar gidanmu a Walia.

Ƙanwata tana karatun shari'a a Jami'ar Njamena. Kawunmu, ƙanin Inna, shi ke ɗauke da nauyin karatun nata tun bayan rasuwar mahaifinmu. Falke ne, ya tsufa a fataucin shanu tsakanin Chadi da Najeriya. Wata Juma'a da yamma ya zo gaishe da Inna, sai ya tarar da ƙanwar tawa a kan tabarma ta baza takardu tana shirin jarrabawa.

Ya ce, "'Yar gidana, yau kuma me ake karantawa?"

Ta ce, "Dokar ƙasa da ƙasa ce, Kawu. Kashi biyu ce. Akwai wadda ta shafi gwamnatoci, akwai wadda ta shafi mutane irinmu idan harkarsu ta tsallaka iyaka."

Ya gyara zama ya ce, "To, idan ƙasa ta karya ta, wa ke zuwa ya kama ta?"

Ta yi ɗan shiru, sannan ta ce, "Babu kowa, Kawu."

Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce ashe kuɗin shanunsa yake zubawa ana karanta dokar da ba ta da ɗan sanda. Daga nan wasa ya koma gaske. Ya dubi Inna ya ce shi a ganinsa gara yarinyar nan ta koma karatun jinya, tunda ga asibiti nan a unguwa, kuma allura kowa ya san amfaninta. Ya ce mu yi shawara kafin lokacin biyan kuɗin sabuwar shekara. Ƙanwata ba ta ce uffan ba, amma da dare na ji ta tana kuka a ɗakin Inna.

Tun daga ranar tambayar Kawu ta zauna mini. Shin dokar da babu mai tilasta bin ta, doka ce? Kuma ya dace 'yar talaka, a ƙasar talakawa, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen koyon ƙa'idar da manya ke takawa duk ranar da suka ga dama? Ni ba lauya ba ne, difloma ce da ni a aikin jarida. Abin da zan kawo a nan tunani ne na mai karanta labarai da kuma abin da ƙanwata ta yi haƙurin fassara mini daga Faransanci zuwa Hausa a cikin 'yan makonnin da suka biyo baya.

Ga wanda bai san Walia ba, unguwa ce a gunduma ta tara ta birnin Njamena, a kudancin kogin Shari. Idan za mu shiga cikin gari sai mu hau gada. Idan kuma muka nufi yamma, mintoci kaɗan a kan babur za su kai mu gadar Ngeli da ke kan kogin Logon, wadda ƙarshenta Kuseri ne, ƙasar Kamaru. Daga Kuseri hanya ta miƙe zuwa Fotokol, a tsallaka a shiga Gamboru, an shiga Najeriya ke nan. Mutumin Walia yana iya karya kumallo a Chadi, ya yi cefane a Kamaru, ya dawo kafin azahar. Saboda haka iyaka a wurinmu ba zane ba ne a taswira, wuri ne da muke bi mu wuce, wani lokaci kuma a tsare mu a can.

Ga yadda ƙanwata ta bambance mini kashin biyu. Na farko ƙa'idojin zama ne tsakanin ƙasashe: ina iyaka ta tsaya, yaya ake ƙulla yarjejeniya, me ya halatta a yaƙi, me ya haramta a yi wa fursuna, wace kariya jakada yake da ita. Tushensa yarjejeniyoyin da ƙasashe suka sa wa hannu da kuma al'adun da suka daɗe suna bi har suka ɗauke su wajibi. Na biyu kuwa, duk da sunansa, galibi dokar cikin gida ce ta kowace ƙasa, kuma tambayoyi uku yake amsawa idan rigimar mutane ta haɗa ƙasa fiye da ɗaya: kotun wace ƙasa ce za ta saurara, da dokar wace ƙasa za ta yi hukunci, sannan idan ta yanke hukuncin, ɗaya ƙasar za ta yarda da shi?

Bari in fara ba Kawu haƙƙinsa, domin maganarsa ba ta banza ba ce. Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan ba ta iya sauraron ƙarar wata ƙasa sai ƙasar ta amince a yi shari'a da ita. Idan ta yanke hukunci aka ƙi bi, abin da ya rage wa mai gaskiya shi ne ya kai kuka Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙasashe biyar ke da ikon hawa kujerar na-ƙi. A 1986 kotun ta samu Amurka da laifi a ƙarar da Nikaragwa ta shigar kan tallafa wa 'yan tawaye da dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwanta. Amurka ta yi watsi da hukuncin, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu kuma ta hau kujerar na-ƙi. A 2003 an mamaye Iraƙi ba tare da izinin kwamitin ba, babu wanda aka gurfanar a kan mamayar.

Kada mu tsaya kan laifin manya kaɗai. A watan Yuli na 2010 Shugaba Umar al-Bashir na Sudan ya sauka a nan Njamena, alhali kotun hukunta manyan laifuka ta duniya tana nemansa, kuma Chadi tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kafa kotun. An tarbe shi da girma, ya gama taronsa ya koma gida. Kowa na da hujjarsa a kan wannan, kuma Tarayyar Afirka ta riga ta ce kada a kama shi, amma dai an sa hannu a kan abu an kuma yi saɓaninsa. Wanda ya dubi waɗannan ya ce zaman duniya zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami, ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Sai dai ɗan Chadi, cikin dukkan mutane, yana da dalilin da zai sa ya ɗan dakata kafin ya rufe maganar a nan. Dalilin farko shi ne Auzu.

Zirin Auzu wani yanki ne na hamada a can arewa, kan iyakarmu da Libiya. Libiya ta shiga ta mamaye shi a 1973, tana kafa hujja, cikin wasu hujjoji, da wata yarjejeniya ta 1935 tsakanin Faransa da Italiya wadda ba a taɓa kammala tabbatar da ita ba. An zubar da jini mai yawa. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya a Fada da Wadi Dum, a watan Agusta har suka ƙwace garin Auzu, amma kafin watan ya ƙare Libiya ta sake karɓe shi. Ke nan bindiga ta yi iyakar ƙoƙarinta ba ta raba gardamar ba. A 1989 ƙasashen biyu suka amince a birnin Aljiyas cewa idan sulhu ya gagara za su je kotu, a 1990 kuma maganar ta isa Heg. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 kotun ta yanke hukunci da ƙuri'a 16 a kan 1 cewa Auzu na Chadi ne. Hujjarta yarjejeniyar abota da maƙwabtaka ce da Libiya da kanta ta sa wa hannu tare da Faransa a 1955, wadda ta fayyace iyakar. Ranar 30 ga Mayu 1994 aka sanar da cewa sojojin Libiya sun gama ficewa, a gaban 'yan kallo na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na san abin da Kawu zai ce, kuma ya faɗa. Ya ce Gaddafi ya fita ne don ya sha kashi a 1987, kuma takunkumi ya matse shi a lokacin. Haka ne. Amma mai man fetur da jiragen yaƙi ya tattara sojojinsa ya bar ƙasar da ya riƙe shekara ashirin da ɗaya, ya bar wa maƙwabcin da ya fi shi talauci nesa ba kusa ba, kuma tun daga ranar bai sake cewa tasa ce ba. Ƙarfi ya kai shi ga neman mafita, hukuncin ne ya nuna ta wace ƙofa zai fita da kuma inda maganar za ta tsaya. Da babu kotun, da wataƙila har yau 'ya'yanmu na mutuwa a kan wannan rairayi. Wani abu kuma da ƙanwata ta nuna mini: wakilin Chadi a shari'ar ɗan ƙasa ne, Abderahman Dadi, amma galibin manyan lauyoyin da suka tsaya mana daga Turai da Amurka aka ɗauko su. Mun yi gaskiya, amma da bakin aro muka faɗe ta.

Dalili na biyu ya fi taɓa zuciya, domin masu shi suna nan da rai muna haɗuwa da su a kasuwa. Hissène Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990. Hukumar leƙen asirinsa, DDS, tana da gidajen tsare mutane a cikin garin nan, har da wani wurin ninƙaya na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutanen da suka halaka sun kai 40,000. Shi kuwa ya tsere Senegal a watan Disamba na 1990, ya zauna a Dakar cikin rufin asiri. Idan da ma'aunin Kawu za a auna, magana ta ƙare. Wa zai je ya kamo shi?

Amma wasu ba su yarda ta ƙare ba. Souleymane Guengueng, wani ma'aikaci da ya kusa mutuwa a tsare, ya yi ta bin waɗanda suka tsira yana rubuta labarinsu, ya ɓoye takardun. Clément Abaifouta, wanda aka tilasta wa binne gawawwakin 'yan uwansa fursunoni, ya zama ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyarsu. Lauyarsu, Jacqueline Moudeina, an jefa mata gurneti a nan Njamena a 2001, ta yi jinya ta dawo ta ci gaba. A farkon 2000 suka kai ƙara Dakar, aka tuhumi Habré, sai kotunan Senegal suka ce ba su da hurumin shari'ar laifin da aka aikata a wata ƙasa. Suka nufi Beljiyam, inda wani alƙali ya ba da sammacin kama shi a 2005. Senegal ta yi ta jan ƙafa, har Beljiyam ta kai ta Kotun Duniya. Ranar 20 ga Yuli 2012 kotun ta ce Senegal ta sa hannu a yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, don haka wajibi ne ko ta yi masa shari'a ba tare da ɓata lokaci ba, ko ta miƙa shi ga masu yi. Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa kotu ta musamman a Dakar, aka fara shari'a a watan Yuli na 2015. Ranar 30 ga Mayu 2016, shekara ashirin da biyu cif bayan fitar Libiya daga Auzu, alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso ya yanke masa ɗaurin rai-da-rai.

Ina farkon shiga aiki a lokacin, kuma ina tuna yadda mutane suka yi cirko-cirko a gindin rediyo. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai dai ranar mai kayan ba ta zo da kayan ba. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin, ta kuma yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Habré ya rasu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021 ba a biya su ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba sefa biliyan 10, bayan da yawa daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ce musu doka ta yi musu komai ya ci zarafinsu. Haka nan wanda ya ce ba ta yi musu komai ba. Matan da suka tsaya a gaban Habré, ido cikin ido, suka faɗi abin da aka yi musu, duniya na ji, yana zaune ba shi da ikon sa a yi musu shiru, sun san abin da suka samu ranar.

Abin da na lura da shi a labarin nan shi ne babu ɗan sandan duniya da ya taso ya yi aikin. Akwai dai wata takarda da Senegal ta sa wa hannu, wataƙila ba tare da ta zaci za a taɓa tambayarta ba, sai kuma mutanen da suka san da takardar, suka iya karanta ta, suka yi ta ɗaga ta sama shekara goma sha shida. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Amma kayan ba ya yi wa mai shi nauyi sai in akwai mai tuna masa cewa ya ɗauka.

Hukuncin da ake yankewa a can sama kuma a kan talaka yake sauka. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta raba gardamar iyaka tsakanin Kamaru da Najeriya. Kowa Bakasi yake tunawa, amma hukuncin ya shafi yankin Tafkin Chadi ma, inda masunta, da Hausawa a cikinsu, suka bi ruwa yana ja da baya har suka kafa garuruwa irin su Darak. A ƙarshen 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka kimanin talatin. Mutum yana zaune a bukkarsa, bai motsa ko taku ɗaya ba, sai ƙasa ta sauya a ƙarƙashinsa. Aurensa, gonarsa, bashin da yake bi, duk sun koma ƙarƙashin wata doka. A nan ne kashi na biyu na karatun ƙanwata yake shigowa, kuma shi ne na ga aikinsa da idona.

Muna da wata maƙwabciya, 'yar Kamaru ce, iyayenta a Kuseri suke. Mijinta mutumin Kano ne da ya fi shekara ashirin a Walia. A masallaci aka ɗaura musu aure a Kuseri, ba su je ofishin magajin gari an rubuta ba, kamar dai yadda yawancinmu muke yi. Suka haifi 'ya'ya huɗu a nan. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar gida a Walia, da ɗan shago a Kuseri, da fili a Kano. Takardar shaidar da limamin ya rubuta musu, da takardun haihuwar yara biyu, duk sun tafi a ambaliyar watan Oktoba na 2022, lokacin da Shari da Logon suka cika suka shanye rabin unguwarmu. Dangin mijin da ke Kano suka ce su dai sun ji labarin yana da mata a Chadi, amma ba su ga shaida ba, fili kuma yana hannunsu.

Abin ban haushi shi ne babu wanda ke jayayya da hukuncin gado. A Walia da Kuseri da Kano duk mazhaba ɗaya ake bi, kowane malami zai ce maka tana da tumunin takaba, sauran na 'ya'ya ne da duk wanda shari'a ta ba rabo. Matsalar ita ce wa zai tabbatar, a gaban wa, kuma wa zai ji maganarsa a ƙetaren ruwa. Ƙanwata ta gaya mata tun farko cewa ita ɗaliba ce, ta kuma raka ta wurin lauya. Amma ita ce ta zauna da ita dare da rana ta warware mata zaren. Ta bayyana mata cewa a tsarin da ƙasashe masu Faransanci suka gada, gida da fili dokar ƙasar da suke cikinta ce ke hukunci a kansu, kuɗi da kayan da ake iya ɗauka kuma dokar inda mamacin yake zaune a ƙarshen rayuwarsa. Ke nan gidan Walia maganar Chadi ce, filin Kano kuwa sai a Kano. Ta gaya mata cewa hukuncin alƙalin Njamena ba ya aiki kai tsaye a wata ƙasa, sai alƙalin can ya duba ya amince. Ta sa aka nemo dattawa biyu da suka halarci ɗaurin auren, aka kuma je kotu aka karɓi hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa. Wata da watanni ana zirga-zirga a kan gadar Ngeli.

A cikin wannan darasi akwai wani abu da ya burge ni fiye da dabarun kotu. An gina shi ne a kan cewa alƙali yana iya ajiye dokar ƙasarsa ya yi hukunci da ta baƙo, idan ita ce ta fi kusa da rayuwar mutanen da ke gabansa. Wato ƙasa ta yarda cewa ba ita kaɗai ce ta san daidai ba, kuma auren da aka ɗaura a hayin kogi aure ne. Wannan tawali'u ne da ko a tsakanin gidaje biyu na unguwa ɗaya ba kullum ake samunsa ba.

Takardu sun haɗu, amma dangin Kano ba su motsa ba. A nan ne Inna ta sa baki ta roƙi ƙaninta. Kawu ya ɗauki waya ya kira wani tsohon fatomansa a Kano, mutumin da ya sauke shi shekara da shekaru. Fatoman ya ɗauki kwafin takardun ya je wurin mai unguwar dangin mamacin. Ba a yi wata biyu ba suka aiko cewa sun yarda yaran 'ya'yan ɗan'uwansu ne. Har yau ba a gama rabon filin ba, amma an daina cewa ba a san su ba.

Ranar da saƙon ya zo na samu Kawu yana shan shayi a ƙofar gida, na ga dama ta samu.

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya. Idan ka tura shanu Maiduguri bashi, wane ɗan sanda ke karɓo maka kuɗinka?"

Ya ce, "Ɗan sanda kuma? Na wace ƙasa? Ai wanda ya ci kuɗina ya gama kasuwa. Kafin ya isa gida labarinsa ya riga shi. Babu fatoman da zai sake saukar da shi, babu dillalin da zai tsaya masa."

Na ce, "Ashe ke nan shekara arba'in kana cin abinci da dokar da ba ta da ɗan sanda."

Ya ajiye kofin ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Kai ɗan jarida ne, baki ne jarinka. Amma ka sani akwai manyan da ko sun ci kuɗinka, gobe dole ka koma wurinsu, don su ke da kasuwar."

Na ce, "To su yaya kake yi da su?"

Ya ce, "Ina rubutawa a littafi. Ba na yafewa, ba na mantawa. Wata rana shi ma zai nemi wani abu a wurina, ko ɗansa ya nema a wurin ɗana."

Ban ƙara ko kalma ba, domin ya ba ni amsar da na yi makonni ina nema. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa ƙasashe daga Kano zuwa Gwanja, daga Borno zuwa Wadai, babu sarki ɗaya da ke mulkin hanyar duka. Abin da ya riƙe su shi ne amana, da shaidu, da sanin cewa gobe ma rana ce. Tsarin yana da ɓaraka, kuma babba yakan ci bulus. Duk da haka babu falken da ya taɓa cewa tunda wani attajiri ya ci amanarsa, daga yau ya daina rubuta bashi. Mai ƙarfi yana iya rayuwa babu littafi, don hannunsa na iya ƙwato masa abin da yake so. Ƙaramin ɗan kasuwa ne ba shi da abin dogaro sai littafin. Haka ƙaramar ƙasa, haka bazawara mai marayu huɗu.

Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce e, doka ce, amma irin wadda ba ta tashi da kanta. Ƙarfinta yana hannun masu riƙe da ita. Amsata ga ta biyu kuma ita ce talaka ya fi kowa bukatar ɗansa ya koye ta, don kada kullum sai mun yi hayar wanda zai karanta mana alkawarin da aka yi mana. Sai dai akwai gargaɗi ɗaya da na yi wa ƙanwata. Hissène Habré ma ya yi karatu mai zurfi a Faris, har da fannin shari'a da siyasa. Karatun bai hana shi abin da ya yi ba. Jacqueline Moudeina ma shari'ar ta karanta. Littafan iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne wanda kowannensu ya zaɓi ya tsaya wa, kuma wannan ba a fitar da shi a jarrabawa.

Kawu bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ban kuma sa ran zai ce ba. Da lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi, ya aiko yaronsa da su a cikin ambulan, bai ce komai game da jinya ba. Bayan mako guda ya zo da kansa riƙe da wata takardar cinikayya da abokin hulɗarsa na Kuseri ya kawo masa da Faransanci. Ya miƙa wa ƙanwata ya ce, "'Yar gidana, duba mini nan, in rigima ta tashi, alƙalin ina aka ce zai raba mu?" Ta karɓa ta fara karantawa, shi kuma ya jawo tabarma ya zauna yana jira.